Hoton Ƙwaƙwalwar Mama Mai Rajista

Shekarar da na fara aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, kuɗi sun shigo gari. Ko'ina gini ake yi, wayar salula ta fara shiga hannun masinja da direba, manyanmu kuwa ba sa cika mako biyu a ofis ba su tafi taron bita ba. Ni kuma da digirina sabo fil, sai aka tura ni rajista, wato ɗakin ajiye fayil da ke ƙasan bene. Ranar har kuka na yi, don na ɗauka wulaƙanci ne.

A can na tarar da matar da kowa ke kira Mama. Kirista ce daga tsaunukan tsakiyar ƙasar nan, ta haura hamsin, mijinta ya rasu, tana zaune a Nyanya da 'ya'yanta mata biyu. Tun ma'aikatar tana Legas take rajista, da ita aka yi ƙaura. Karatunta bai wuce sakandare ba. Hausarta irin ta Abuja ce, "ka" da "ki" duk ɗaya ne a bakinta, amma tun ranar farko "'yata" take ce mini.

Ban cika mako ba na gane wadda aka haɗa ni da ita. Mutum zai shigo da rabin sunan kamfani, ko ya ce wata takarda ce ta shekarun baya kan gyaran rufi. Mama ba ta tashi daga kujera. Sai ta faɗi lambar fayil ɗin, da kantar da yake kai, da wanda ya ɗauke shi na ƙarshe, da ranar da ya dawo da shi. Wata rana na ce bari in gwada ta. Na zaro wani tsohon fayil da ƙura ta rufe, na karanta mata lambarsa kawai. Ta faɗa mini abin da ke shafi na uku, har da cewa da koren biro aka sa hannu. Na buɗe. Haka yake.

Akwai kuma abubuwan da suka gagare ta. Ba ta iya ɗaura ɗankwali, 'yarta ke ɗaura mata da safe, in ya warware a ofis ni ke gyarawa. Ba ta gane zolaya. In na ce yunwa za ta kashe ni, sai ta firgita ta zaro gyaɗa daga jaka. Sannan ba ta iya lanƙwasa magana ba ko kaɗan, abin da ta sani shi za ta faɗa, ko a gaban waye.

Wannan ne ya haɗa ta da daraktanmu. Mutum ne mai ilimi, ya yi karatu a waje, kullum cikin farar shadda. Wata rana ya sauko rajista da baƙi biyu a bayansa, yana faɗa wai an ɓatar da fayil ɗin wata kwangila.

Mama ta ce, "Bai ɓata ba, Oga. Direbanka ya ɗauka ranar Talata. Ka ce a kai maka gida."

Ba da nufin tona asiri ta faɗa ba, ita a ganinta taimaka masa ta yi. Ya kalle ta, ya juya ya hau sama. Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba.

Da damina ta shigo, wata safiya tifa ta daki bas ɗinsu ta baya a cunkoson Nyanya. Kanta ya bugu da ƙarfen kujera, ta suma. Babbar 'yarta ce ta kira ni, na bar ofis na same su a asibiti. Ta farfaɗo kafin in isa, amma likita ta ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar jini bai taru ba.

Da hoton ya fito, likitar ta kira mu mu uku. Mace ce mai sanyin murya, ba ta fi ni da shekara goma ba. Ta ce babu jini, babu rauni, a gode wa Allah. Sai ta ɗaga hoton a gaban fitila ta nuna mana tsakiyarsa.

Ta ce, "Mama, ƙwaƙwalwar mutum ɓangare biyu ce, dama da hagu. A tsakaninsu akwai wani dami na jijiyoyi, kamar gada, ta nan suke aika wa juna saƙo. Ke taki babu wannan gadar. Ba hatsarin nan ba ne ya jawo. Haka aka haife ki."

'Yarta ta fashe da kuka. Mama kuwa ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "To likita, da me nake tuna abubuwa duk shekarun nan?"

Na ba likitar labarin fayil-fayil ɗin. Ta saurara sosai. Ta ce ƙwaƙwalwar da ta taso a haka tana nemar wa kanta wasu ƙananan hanyoyi tun mutum yana jariri. Ta ce a cikin waɗanda aka haifa haka akwai masu fama da naƙasa mai tsanani, akwai waɗanda har su tsufa ba wanda zai sani, akwai kuma 'yan kaɗan masu wata baiwa da ba a gama gane dalilinta ba. Na tambaye ta ko rashin gadar ne ya ba Mama wannan hadda.

Ta ce, "Ban sani ba. Duk wanda ya ce miki ya sani daga kallon hoto ɗaya, ƙarya yake yi. Ta huta mako biyu ta koma aikinta."

Ni na karɓi rahoton likita, ni na kai shi sashen ma'aikata don a ba ta hutun jinya. Ban karanta ba. Ashe a layi na ƙarshe an rubuta maganar gadar. Da na karanta, da na koma na roƙi likitar ta rubuta wani, wanda ya tsaya kan buguwar kai kaɗai. Har yau ina jin haushin kaina kan wannan sakaci.

Bayan wata biyu aka shirya mana taron bita na kwana uku a wani otal da ke bakin tafkin Jabi. An ɗauko wani ƙwararre mai kwat da majigi, wai zai koya mana amfani da ƙwaƙwalwa. Ya raba mana takarda mai tambayoyi: da wane hannu kake riƙe waya, kana son waƙa ko lissafi. Daga amsar ya raba mu gida biyu, 'yan dama da 'yan hagu, kamar ana raba kaji. A rana ta biyu ya haska hoton ƙwaƙwalwa a bango, ya nuna gadar nan da sandarsa. Ya ce an duba ƙwaƙwalwar wasu manyan masu basira an ga tasu gadar tana da kauri, saboda haka kaurin gada shi ne hankali, shi ke nan.

Sai darakta ya ɗaga hannu, aka miƙa masa makirfo. Yana murmushi ya ce, "To wanda ba shi da gadar gaba ɗaya fa? Don muna da irinsu a ma'aikatarmu."

Aka yi dariya. Mutane sun ɗauka barkwanci ne na manya, irin wanda dole ka dara. Ni kuwa ban yi dariya ba, don Mama tana zaune kusa da ni. Na kama hannunta. Ta zame, ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Ni ce, Oga. Likita ta nuna mini."

Dariyar ta mutu, sai 'yan ƙus-ƙus. Fiye da mutum ɗari suka waiwayo suna kallonta. Ita ba ta san an yi mata komai ba. An yi tambaya, ta san amsa, ta bayar.

Ƙwararren ya daburce. Na ga alama bai taɓa jin ana haihuwar mutum haka ba. Da ya ce bai sani ba, da na ga girmansa. Amma wanda ya biya shi yana kallonsa. Sai ya gyara kwat ya ce, a fahimtarsa, mai irin wannan matsala bai kamata a damƙa masa aiki mai muhimmanci ba.

Mutumin da bai taɓa ganin Mama ba sai ranar. Bai tambaye ta komai ba, bai san aikinta ba. Cikin numfashi ɗaya ya goge aikinta na shekara talatin.

Ba a yi mako biyu ba takardar canjin wurin aiki ta fito. An mayar da ita siton ma'aikata da ke Idu, inda ake jibge tsofaffin takardu da karyayyun kujeru, wai don lafiyarta. Daga Nyanya zuwa Idu, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, mota uku za ta hau kafin ta isa. Matar da ba ta daɗe da tsira daga hatsarin mota ba.

Na hau sama wurin darakta. Ban taɓa shiga ofishinsa ba sai ranar. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, likitar da ta duba ta cewa ta yi ta koma aikinta. Ta ce hoto ba ya nuna hankalin mutum. Kuma rahoton nan sirrinta ne, bai kamata a faɗe shi a taro ba."

Bai ɗago daga jaridarsa ba. Ya ce, "Yaushe kika zama likita?"

Na ce, "Ban zama ba, ranka ya daɗe. Amma shi ma mai bitar ba likita ba ne."

Sai ya ajiye jaridar. Ya ce kimiyya ce ta yi magana, ba shi ba, kuma ba zai bar takardun gwamnati a hannun mai rabin ƙwaƙwalwa ba. Ya tambaye ni ko an tabbatar mini da aikina. Na ce tukuna. Ya ce, "To ki kula." Na fito. Iyakar jarumtata ke nan, kuma ba na alfahari da ita. Ban rubuta ƙorafi ba, ban je ƙungiyar ma'aikata ba. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma tebur.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai. Rajista ta rikice. An kawo kwamfutoci da za su maye gurbinta, amma ba a shigar da komai a ciki ba, suna nan cikin leda. Fayil ya ɓata, sai a ce mini, "Kira Mama." Mutanen da suka yi dariya a otal su ne ke kiranta sau biyar a rana. Har sakatariyar darakta tana saukowa a ɓoye ta ce in tambayar mata inda kaza yake. Mama tana tsakiyar sito a Idu, ƙarar tireloli na tashi a bayanta, za ta ce kanta ta huɗu, layi na biyu, ƙarƙashin mai jan bango. Ba ta taɓa kuskure ba.

Wata Asabar na je gidanta a Nyanya. Ta rame. Ta dama mini kunun gyaɗa, muka zauna a baranda. Na ce, "Mama, ki daina ɗaukar wayarsu. Ki bar su su sha wahala, su san darajarki."

Ta kalle ni da mamaki. Ta ce, "'Yata, a cikin fayil ɗin nan akwai fanshon mutane. In na ƙi faɗa, wa zai wahala? Ba Oga ba ne."

Can ta ce, a hankali, "Amma na gane yanzu. Dariyar nan da aka yi, ni aka yi wa. Babbar 'yata ce ta bayyana mini a gida." Ta ce tun ranar ba ta son shiga taro, ko a coci can baya take zama. Ta tambaye ni ko gaskiya ne mutane suna ce mata mai rabin kai. Na ce ƙarya ne. Ta ce, "Ka faɗa mini gaskiya." Na kasa kallonta.

Shekara uku ta yi tana ƙetare Abuja safe da yamma. Siton da ta tarar kamar juji ta mayar da shi wurin da za ka shiga ka ɗauko takarda cikin minti biyar. Masu duba aiki suka zo suka yaba, takardar yabon ta fito da sunan darakta. Da lokacin ritayarta ya yi, sashe bai shirya mata komai ba. Mu mata shida muka saya mata atamfa da kula, muka raka ta tasha, ta koma garinsu. Muna waya lokaci-lokaci har ta rasu, bayan shekara takwas.

Darakta kuwa ya ci gaba da hawa har ya yi ritaya cikin girma. Na sake haɗuwa da shi a wani ɗaurin aure, lokacin ni ma na zama mataimakiyar darakta. Ya tsufa, yana dogara sanda. Na je na gaishe shi, ya gane ni, ya yi ta sa mini albarka. Na ce masa Mama ta rasu.

Ya ce, "Wace Mama?"

Na ce, "Ta rajista, ranka ya daɗe. Wadda ka tura Idu."

Ya yi ɗan tunani, ya girgiza kai. Ya ce ma'aikatan da suka bi ta hannunsa suna da yawa, Allah ya jiƙan kowa. Sai ya juya wurin wani baƙo. Na tsaya da farantin abinci a hannu. Na ajiye farantin, na nemo maigidana na ce mu tafi gida. A mota ya tambaye ni abin da ya faru, na ce ya bari sai mun isa.