Inda Goggo Hanatu Take Tsayawa a Addu'a

Ranar Talata da hantsi, ina wanke-wanke a gidanmu na Nguru, wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "To" sau uku, ya zauna a kan turmi. Yayarsa, Goggo Hanatu, ta rasu a Gashuwa bayan wata bakwai tana fama da ciwon ƙoda. Ban yi kuka ba. Na ƙarasa wanke tukunyar, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Bandar kifi ce sana'arta, kuma a wurinta nake yin kowane hutu. Ba ta yi boko ba, amma ban taɓa jin mai yin Addu'ar Ubangiji kamarta ba. Kowace safiya takan tara mu, ni da 'ya'yanta, a tabarma kafin a sha koko. In muka zuba da gudu sai ta ce, "Wa ya biyo ku? Da Uba ake magana, ba da ɗan acaɓa ba." In an zo roƙon abinci takan ce, "Na yau kawai za ku roƙa. Gobe ma Uban yana nan, ba tafiya zai yi ba."

Wurin neman gafara kuwa, nan take tsayawa cak, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Wa kike riƙe da shi a zuciya?" In mutumin yana kusa, sai ka tashi ka je ka gaishe shi kafin a ce amin. Ita ma ba ta ɗauke wa kanta ba. Na ga ranar da ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta, Ya Falmata, wadda suka yi cacar baki kan akuya. Muna zaune har ta dawo, koko ya huce.

A hutun ƙarshe ta tsinci littafin soyayya da na ɓoye cikin bangon littafin waƙoƙin coci, ta faɗa wa Baba. Kwana tara ban ɗaga ido na dube ta ba. Safiyar da zan dawo ta ce, "Rifkatu, ke fa?" Na ce ba kowa. Ta daɗe tana kallona, ƙafafunta a kumbure, sannan ta ce, "To, mu ci gaba." A littattafan da nake karantawa, kullum akwai shafin da waɗanda suka ɓata suke shiryawa. Na ɗauka ni ma nawa yana gaba.

Tun daga ranar, in an zo wurin nan a coci, baki kawai nake motsawa. Wallahi na gaji. Don haka ga amsar da na hana ki, Goggo: ke ce. Kuma ba ki yi mini laifi ba, ni ce na yi miki ƙarya a tsakiyar addu'a.

Ya Ubangiji, ka yi wa baiwarka Hanatu jinƙai, ka ba ta hutu a wurinka. Ka ta'azantar da Baba da 'ya'yanta, Istifanus da Ladi, ka riƙe gidan da ta bari. Ni kuma ka gafarta mini, ka ba ni bakin yin addu'ar nan har ƙarshe. A cikin sunan Yesu, amin.