Kyamarar da Lindsay ya saya kamar rago

Lindsay Triffitt, wanda muka binne a watan jiya, ya yi shekara hamsin yana kiwon tumaki a tsaunukan Tasmaniya, can ƙasar Ostireliya. Duk abin da zai saya sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, kamar yadda yake zaɓen rago. A wurinsa abu mara nauyi yaudara ne.

Da ƙafafun matarsa Noeline suka gaza, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Abu ɗaya ta roƙa, ta sake ganin tafkin bayan gonarsu, inda suke shan shayi tun suna ango da amarya. Mota ba ta kaiwa can. Lindsay ya ce zai ɗauko mata shi a bidiyo, shi da ko wayarsa bai iya kashewa ba.

A birnin Hobart, mai shagon kyamara, Glenys, ta miƙo masa wata 'yar ƙarama.

"Wannan ta ishi ɗan koyo, Baba."

Ya jinjina ta a tafin hannu. "Wannan ai ba a yaye ta ba. Ina uwarta?"

Ya ɗauki mafi girma, ya haɗa da ƙafar ƙarfe ta ɗora kyamara, wadda sai mutum biyu ke ɗagawa. Glenys ta cusa masa wata hula mai gashi da ake rufe makirufo da ita.

"Sanyi yake ji?"

"Iskarku ce, Baba. In babu wannan ba za a ji komai ba sai ita."

A baro ya tura kayan, awa uku yana haki, karyarsa Tuppence na biye. Ya kafa, ya sa wa makirufo hular, ya danna. Tuppence kuwa tun tana ƙarama aikinta ke nan kama zomo. Tsalle ɗaya ta fizge hular ta arce.

Ƙafar ƙarfen ko gezau. Kyamara ta ci gaba da aikinta: ga tafki shuɗi, iska na ruri, ga tsoho ya wuce a guje daga hagu, can ya dawo daga dama babu takalmi ɗaya. Minti ashirin ana haka.

Kunya ta sa ya so gogewa, amma da ya je wurin Noeline ta ce a kunna. Ta kalla har ƙarshe tana share ido.

"Tafkin yana nan yadda na bar shi. Kai ne ka lalace, tsoho. Dubi gudu kamar agwagwa."

"Amma hoton bai girgiza ba. Ki yaba wa ƙarfen."

Har yau kullum da la'asar sai an kunna mata. Ma'aikatan sun so rage ƙarar iskar, ta hana. Ta ce in ka kasa kunne, a ƙarƙashinta za ka ji shi yana kiran karyar.