Gwaggo Rabi da Gulutan

Ku da kuka zauna da Gwaggo Rabi kun san tsakinta. Tun daga zaure ake jin sa, sai ta bi shi da tambayarta guda: "To, wa ya mutu?" Ka ce mata an ɗauke wuta, wa ya mutu? Ka ce famfo ya ƙafe, wa ya mutu? Ranar da likita ya ce ta rage gishiri saboda hawan jini, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, uwata ta ci gishiri har ta ga tattaɓa-kunne. Kai mi ka gani?" Ta dawo gida, unguwar Banifandou, ta sa aka yi mata miyar kuka, ta ƙara gishiri da hannunta.

Wannan baiwar Allah, ƙanwar babana, tana gidana shekarar da aka gano ciwon ɗiyata Zuhura. Yarinya ta yi ta ramewa, ciki kullum a kumbure, sai da aka sha awo kafin likita ya ce jikinta ba ya ɗaukar wani abu da ke cikin alkama, wai shi gulutan. Ba burodi, ba taliya, ba gato, wato kek, har iya rayuwarta.

Na dawo na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Gulu wa?"

"Gulutan, Gwaggo."

"Ɗan wace unguwa ne?"

"Ba mutum ba ne, cikin fulawa yake."

"Tun ban yi aure ba nake tankaɗe fulawa, ban taɓa ganin shi cikin rariya ba. Ciwon 'yan lekol ne wannan, na masu boko, ƙoshi ya yi muku yawa!"

Kun dai san abin da ke cin ta: alkaki. Mutumiyar Damagaram ce, kuma a wurinta duk taron da babu alkakinta zaman makoki ne. A ce wai jikarta ba za ta ci ba? Ai zagi ne.

Da Zuhura za ta cika shekara bakwai, abu ɗaya ta roƙe ni. Ta gaji da zuwa aniberser, bikin ranar haihuwar 'yan ajinsu tana zaune a gefe da ayaba, ana ce mata "a'a, wannan ba naki ba ne." Ta ce, "Maman, ni ma a yi min nawa, wanda ba za a ce min a'a ba ko sau ɗaya." Na yi mata alkawari: duk abin da ya hau tebur ranar, nata ne.

Sai na ɗauko iyayi, ni ma ban fita daga laifi ba. Na sa wata mata a unguwar Maourey ta yi min gato marar gulutan, irin wanda na gani a hoto cikin waya, da furanni da komai. Ana gobe biki aka kawo shi. Gwaggo ta zagaya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ta ce, "Salamu alaikum, da mutane a ciki?" Na ɗan yanki gefe don in rufe mata baki, wuƙar sai da ta lanƙwashe. Ta ce, "A kai wa magina, na ji ana neman bulo a unguwar Talladjé. Bari in jiƙa shinkafa, na ga baƙinki da yunwa za su koma." Haushin da na ji, wallahi, don ta yi gaskiya ne.

Ranar biki da hantsi, ƙamshin suya ya kai ni madafa. Ga Gwaggo, ga roba cike da alkaki yana ƙyalli.

"Gwaggo! Alkama ce fa!"

"Ke rufa min baki. Gulutan ɗin naku cikin fulawar Nasara yake, mai zuwa a buhu. Wannan tamu ce ta gida, daga Damagaram aka aiko min. Sau uku na wanke ta da hannuna. In ma yana ciki, ya bi ruwa!"

Na ɗauke robar na kulle a ɗaki, ina ganin na yi dabara. Ashe tsohuwa ta riga ta ƙulle guda biyu a bakin mayafinta. Ina fitowa na hango ta bayan ƙofa ta ja Zuhura gefe tana kwance ƙullin.

"Amshi maza, kar uwarki ta gani."

Zuhura ta dubi alkakin, ta dubi Gwaggo. Ta ce, "Kaka, in na ci, kwana uku cikina zai yi yana murɗa, ba zan hura kyandir ba. Amma in za ki ji haushi, kawo in ci." Ta miƙa hannu.

Na jira tsaki, bai zo ba. Gwaggo ta janye hannunta, ta tura alkakin nan duka biyu cikin bakinta, ta ce da baki cike, "Wa ya ce naki ne? Nuna miki na yi."

Daga nan fa muka shiga uku! Ta ɗauki kujera ta kafa a bakin ƙofa kamar 'yar duwan mai binciken kaya a kan iyaka. Maƙwabciyata Madam Hawa ta zo da faranti a rufe.

"Mi ne ne ciki?"

"Burodi ne da sardin, Hajiya."

"Gulutan! Koma da shi."

Mai biskit ya koma, mai fanke ta koma. Har kankanar da wani bawan Allah ya kawo ta hana shiga. Na ce, "Haba Gwaggo, kankana kuma?" Ta ce, "Ban yarda da fuskarta ba."

Gaton bulo ko tebur bai hau ba. Gwaggo ta ɗora tanda ta soya masar shinkafa, ta jera ta hawa-hawa, ta malala zuma, muka soka kyandir bakwai. Ga dambu, ga kopto, kwaɗon ganyen nan, ga fura. Zuhura na bin faranti ɗaya-ɗaya tana tambaya, "Maman, wannan fa?" ina cewa, "Ci." Har kunnenta sai da ya sha zuma. Gwaggo ta dubi matan da suka ci kwalliya suna lasar yatsa, ta ce, "Ashe abincin da muka tashi da shi ne kuka sa ma suna da Faransanci, wai marar gulutan. Ku ji kunya!"

Ba ta taɓa cewa ta yarda da likita ba, kada wani ya yi mata ƙarya. Amma daga ranar ba ta sake soya alkaki a gidana ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kira ni ta riƙe hannuna, na zata gafara za ta nema. Sai ta ce, "Ranar sadakata, kar a raba alkaki, kar a raba fanke. Masa za a yi. Ba na so a ce ma yarinyar nan a'a a kaina."

Masa muka yi. Zuhura ta ci tana hawaye, ba wanda ya hana ta komai.

Allah ya jiƙan Gwaggo Rabi, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ranar da ta isa ƙofar Aljanna, ya Allah, kada a ce mata a'a.