Kujerar Uban Kamfani

Shekarar da muka yi wa asibitinmu na dabbobi rajistar kamfani a Dutse, mu uku ne, duk likitoci. Lauya ya gaya mana ƙa'idar sana'armu ɓaro-ɓaro: wanda ba shi da lasisi ba ya shiga, ko da shi ya yanke maka cibiya.

Labari ya kai garinmu Aujara, sai ga yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, cikin babbar riga yana ƙamshin turare.

Ya ce, "Kai, yaushe aka fara kafa abu a gidanmu babu babba a ciki?"

Na so in gaya masa gaskiya ranar. Abokan nan nawa kuwa, jarumai a bayan ido, suka zube suna ta "ranka ya daɗe". Suka sayo kujera mai juyawa, suka naɗa shi Uban Kamfani, sarautar da babu ita a kowace doka. Wai dabara ke nan. Ga digiri, amma an rasa mai bakin cewa a'a.

Yaya ya hau kujera. Mutumin da saninsa na dabba bai wuce dusa da kanwa ba, sai ga shi yana leƙa bakin akuya yana girgiza kai. Ranar kasuwar Jahun duk mukan fita aiki, a bar shi tsaro. A irin ranar wani Bafulatani ya zo neman maganin saniyarsa mai ciki. Yaya ya zaɓo kwalbar da ta fi kyan launi ya miƙa masa. Saniya ta yi ɓari.

Mai saniya ya rantse sai ya kai ƙara. Lauya ya ce lasisinmu na cikin haɗari, rajistar kamfani ba ta rufe sakaci. Nan masu naɗin sarauta suka tuna ashe ba yayansu ba ne. Ɗaya ya tafi ta'aziyya, ɗaya ciwon kai ya kama shi.

Ni na lallashi Bafulatanin. Ni na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wurin nan na masu lasisi ne." Ya sa takalminsa ya koma gida.

Da kaka ta yi, geron gandun gida da Yaya ya saba aiko mini bai zo ba. Na aika tambaya, ɗan aike ya dawo da amsar Yaya: "Ka gaya wa likita, gandu ma da ƙa'idarsa. Wanda ba shi da kanta a hannu ba ya shiga."

Abin ya yi mini ciwo, har yau geron kasuwa nake ci. Abokan nan nawa biyu kuwa duk sallah suna zuwa gaishe da Yaya, yana sa musu albarka.