Masara a Ƙofar Sista

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ina jin zai bar mini bikin godiyar kakar da muka yi a Ƙarfi shekarar da na gama jami'a. Ina zaman jiran aiki aka sa ni cikin kwamitin bikin a cocinmu, wai tunda na yi karatu. Ni kuwa har yau ba na yanke shawara sai na juya ta ta gaji.

A ɗakin shan maganin cocin akwai wata nas 'yar ƙasar Filifin, kowa Sista yake ce mata. Ta daɗe a cikinmu, rabin yaran unguwar a hannunta aka haife su. Wata Lahadi bayan sujada ta ba ni labarin garinsu. In amfanin gona ya zo gida, kowa sai ya lulluɓe gaban gidansa da shi, shinkafa da kayan lambu da 'ya'yan itace, a zaga gari ana addu'ar godiya. Mahaifinta manomi ne, shi ke rataya nasu, kuma a shekarar nan ya rasu, ba ta samu zuwa ba. Ta tambaye ni ko za a yi irinsa a nan. Na ce wataƙila, in an duba, mai yiwuwa. Ita kuwa ta ɗauka na amsa, har tana godiya.

Baffana ne shugaban kwamitin. Da na kawo maganar, bayan dogon kewaye-kewaye, sai ya dube ni ya ce, "Mai digiri, a jami'ar aka koya maka buɗe rumbu a bakin hanya?" Ya ce mu nan wanda ya cika rumbu ma cewa yake an ɗan taɓa. Ga kambun baka, ga wanda gonarsa ba ta yi ba, me zai rataya? Ni ma ina ganin yana da gaskiya. Na daina bin hanyar gidan Sista saboda kunya.

Innata kaɗai na gaya wa damuwata. Ashe wajen zumuntar matan coci ta kai zancen.

Ranar bikin da hantsi, Sista tana wajen marasa lafiya, matan suka taru a gidanta. Suka rataye masara da zangarniyar dawa da jan barkono tun daga ƙofa har taga, aka jera kabewa a ƙasa. Alhajin da ke maƙwabtaka da ita ya aiko da auduga. Ba wanda ya san kayan wane ne wanne. Can sai ga Baffa da dami a bayan mashin, yana sauke shi yana cewa gidan dai ba nasa ba ne, in baki zai kama sai ya nemo mai kayan.

Da Sista ta dawo, ta tsaya tana kallon ƙofar gidanta. Ta taɓa ɗaurin masarar ta ce, "Babana bai iya ɗauri haka ba. Nasa kullum faɗowa yake." Tana dariya, hawaye na zuba. Matan suka ɗauki waƙa, muka zagaye gidan, ni kuma aka bar ni da korar awaki.

Ba na son cika baki da darasi. Amma in ban yi kuskure ba, abin da na koya shi ne mutanenmu na iya ɓoye arzikinsu, sai dai ba sa ɓoye shi ga wanda ke cikin kewa.