Motar da ke Ja Dama

Motar maigidana tana da wani hali: in aka saki sitiyari sai ta soma zamewa dama. Ba da ƙarfi ba, a hankali, kamar akuyar da ta hango dusa. Shi malamin gona ne, ya saye ta hannu na biyu saboda hanyoyin fadamar Gummi, irin motar nan ce da ƙafafunta huɗu duka suke ja, ba na gaba kaɗai ba. In mun taso daga Anka, ina zaune a kujerar dama, yakan ɗage hannunsa da gangan, motar ta karkato wajena, ya ce, "Kin gani? Ita ma ke taka so." Ni kuwa in ce ya riƙe abarsa kafin ya zuba mu a rami, tsufa ya zo masa da shiririta.

Ban san sau nawa na ce ya kai a saita ƙafafun ba. Kullum gobe. Goben nan ba ta zo ba har ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka raba gado, motar ta faɗo cikin kasona da na 'yarmu da ke aure a Gummi. Dangi sun so a sayar, wai me mace za ta yi da jibgegiyar mota. Na ƙi. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Bukkuyum, kuma shi da kansa ya koya mini tuƙi, da faɗansa da komai. Ranar da na fara fita bayan takaba, na zauna a kujerarsa, ina hawa kwalta motar ta karkata dama, wajen kujerar da babu kowa. Sai da na sauka gefen hanya na yi kukana na ƙoshi.

Daga baya wannan jan ya zama abokin tafiyata. Gida shiru, in na dawo ba mai tambayata ya hanya. A mota kuwa akwai wurin da fatar sitiyarin ta goge, daidai inda yake riƙewa yana tare ta, hannuna kuma can yake sauka. In ta ja, in ce mata na ji, ya isa haka. Na san ƙarfe ne. Amma ina jin daɗi.

Tayoyi ne suka ɓata mana zama. A wurinmu ba a barin matar mamaci ta sha wahalar irin wannan abu, kowa yana son lada. Da ta baya ta fashe, kafin in yi magana ƙanin mijina ya aiko da wata ta gwanjo daga a-kori-kurarsa, doguwa. Da ta biyu ta mutu, maƙwabcinmu, wani baƙo mai jigilar duwatsun masu haƙar zinariya, ya ajiye mini wata mai faɗi da manyan haƙora a ƙofar gida, ya ƙi ko tsayawa in yi godiya. Ta uku surukina ne ya kawo. Ba wanda ya duba girma, ni ma ban duba ba. Mu dai in taya ta shiga ta riƙe iska, ai taya ce. Kuma da wane ido zan karɓi alheri in tsaya karanta lambar jikinsa a gaban mai shi?

Sai motar ta soma gurnani in zan sha kwana. In zan yi baya ta cije, kamar an riƙe ta. Wani lokaci in ji warin mai ya ƙone daga ƙarƙashi. Da damina ta kankama, ina dawowa daga aiki kan jar ƙasa mai santsi, bayanta ya kwashe, ta juya da ni, na tsaya bakin wani kwalbati ina kallon ruwa yana wucewa. Ban ji ciwo ba, amma labari ya riga ni isa Gummi.

'Yata ba ta yi mini kuka ba, faɗa ta yi. Ta ce, "Inna, ko a gyara ta, ko in bi bayan masu cewa a sai da ita. Na rasa guda, ba ni rasa na biyu."

Mijinta ya raka ni wurin wani mai saitin ƙafa. Mutumin ya zagaya kowace taya da igiya, ya jera mini tsawon igiyoyin a ƙasa, ba biyu da suka zo ɗaya. Ya yi mini bayani cewa gajeriyar taya ta fi doguwa yawan juyawa, su huɗun kuma giya ɗaya ke jan su, don haka tun da aka haɗa su kokawa suke yi a ƙarƙashina, giyar ce ke shan wuya. Dole a sa huɗu iri ɗaya, sannan a saita ƙafafun su kalli gaba sosai.

Na yarda da tayoyin. Sai na matsa kusa, don kada surukina ya ji, na tambaye shi ko zai iya barin jan da take yi dama. Ya soma dariya, ya dubi fuskata ya daina. Ya kai ni wajen tayar gaba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda maigidana ya sa. Gefenta ɗaya ya cinye har waya ta fito.

Ya ce, "Hajiya, jan nan shi ya ci wagga. In na bar shi, sabbin ma haka za su ƙare, kuma ran da ruwa ya sake kama ki, ba ta tsayawa inda kika so."

Na daɗe ina kallon tayar. Na ji haushin mutumin, na ji haushin maigidana da gobensa, sannan na ce a gyara.

Tayoyin kyauta na sa an kai su ɗakin ajiya na rufe, don kada masu su su gani su ji ba daɗi. Ta maigidana ma tana can tare da su.

A hanyar komawa Anka babu gurnani, babu cijewa, motar tana tafiya sumul. Da na kai wani miƙaƙƙen wuri, babu mota gaba babu baya, na ɗage hannuna kamar yadda yake yi. Ta miƙe sak. Na ba ta lokaci, na ƙara ba ta. Ba ta karkata wajen kowa ba.

'Yata ta samu kwanciyar hankali, dangi sun daina maganar sayarwa. Sai dai hannuna bai ji labarin gyaran ba, har yau yana sauka inda fatar ta goge, yana tare jan da babu shi. Yanzu in motar ta karkace a hanya, hagu take yi, kuma ni ce.