Ƙullin da Ke Aljihun Bobbo

Yayana Bobbo bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, fillanci ya hana. Da shanunmu suka ƙare, sai ya koma saran rake a gonar surukin nasa kusa da Likoro, tun safe har la'asar, tsohon yana zaune a gindin mangwaro. A kawo tuwo, Bobbo ya ce a ƙoshe yake. Goro da sigari su ne kalacinsa.

Zamanin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu. Ka je asibiti a rubuta maka takarda, magani kuwa babu. Nan wani Sada ya samu kasuwa, yana baza ƙwayoyi a faranti ran kasuwar Hunkuyi. Shi ya ɗora Bobbo a kan asfirin saboda ciwon baya.

"Sha uku da sassafe, kafin ka ci komai," in ji shi. "Ya fi shiga jiki."

Da ciki ya fara zafi, Bobbo ya koma wurinsa. Maƙaryacin ya ce tsutsa ce, a ƙara biyu.

Ranar da Bobbo ya yi aman jini a cikin rake, a amalanke muka fito da shi titi, sai asibitin Makarfi. Nas Selina ta ga ƙullin ƙwayoyin a aljihunsa, ta ce gyambon ciki ne, su suka cinye shi, taba ta taya. Bai kai Juma'a ba. Ban yafe ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Ni Mairama nono nake sayarwa. Na ɗauke ƙwaryata daga inuwa na dasa ta daf da farantin Sada. Duk wanda ya tsugunna zai sayi magani, in gaishe shi, in tambayi iyali, sannan in ba shi labarin Bobbo. Sada ya gudu kasuwar Ikara, na bi shi. Shekara huɗu muna haka, har ciwon kai ya sa shi ma ya fara shan hajarsa.

Wata rana ya matso a rame, dafe da ciki.

"Mairama, ki dubi Allah ki sam mini nono. Cikina wuta yake ci."

Na kwance bakin zanena, na fito da ƙullin Bobbo, na ajiye a tafinsa.

"Ungo. Sha uku, kafin ka ci komai."

Na rufe ƙwaryata da faifai.